Karan Awon Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa a ƙarshen bazarar nan, kafin ruwan shuka ya sauka.

Ina Madawa, wurin da nake ɗinke bakin buhunan albasa, babban ɗansa ya kira ni a waya da hantsi. Na bar allura a jikin buhu na nufi tasha. Motar Buza ta daɗe ba ta cika ba. A Buza kuma sai da na jira mai zuwa Keita, daga nan na hau babur zuwa ƙauyenmu da ke bayan Ibohaman. Ko da na isa an yi la'asar, shi kuwa an rufe shi tun kafin azahar. Ban ga fuskarsa ba, ban sa hannu a makararsa ba.

Na tarar da maza zaune a tabarmi ƙofar gida. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka yi fatiha, na samu gefe na zauna. Can sai na lura da wani abu. Duk wanda ya zo gaisuwa yakan iso da fuska a ɗaure, ya ce Allah ya jiƙansa, sai na kusa da shi ya raɗa masa magana a kunne, sai ka ga ya sunkuya yana danne dariya da bakin rawani. Ni mutum ne mai saurin zargin kansa, har na duba rigata ko wani abu ne ya manne mini.

Akwai wani tsoho da muke kira Baba, taubashin Kawu ne, tare suka tashi. Yanzu idonsa ya yi hazo, sai da murya yake gane mutum. Da ya ji gaisuwata ya ce, "Ɗan Madawa ne? Matso nan. Ba su gaya maka ba? Kawunka ya samu ɗaki da zaure. Mu da anka bari, ɗaki ɗai za a ba mu."

Mutane suka yi dariya a fili, liman ma ya murmusa. Ni ban gane ba, sai da babban ɗan Kawu ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Kabarin da aka haƙa wa Kawu ya fi shi tsawo da kusan hannu guda. Itacen da aka tanada don rufe shi bai isa ba. Sai aka ruga gida aka kwaso sandunan fatsarsa, waɗanda yake kamun kifi da su, aka sassare aka cike da su.

Na tashi na shiga zaure. Igiyoyin da yake rataye sandunan suna nan suna lilo daga rufi, duwatsun da yake ɗaura musu a gindi suna zube a ƙasa. Sanda ko ɗaya ba a bari ba. Na tsaya ina kallo, ina jin dariyar da ake yi a waje, sai tsoro ya kama ni cewa nan da shekara kaɗan abin da za a riƙa tunawa da Kawu ke nan, mutumin da kabarinsa ya yi tsawo. Tun daga ranar nake neman sanda ɗaya ta aikin hannunsa da zan ajiye, wadda in an tambaya zan ce ga ta, haka yake yi. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka ba a kan mamaci. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Mu mutanen tudu ne. Gero da dawa muka gada, da awaki, da tafiya bida, wato cirani, in an gama girbi. Kifi a wurinmu abu ne da ake kawowa busasshe daga kudu, a gan shi a kasuwa a wuce. Sai furoje, wato wani shirin raya karkara, ya zo ya tare kwarin garinmu da duwatsu. Mata suka yi ta ɗaukar dutse a ka, har da mahaifiyata, ruwa ya tsaya ya zama tabki, muna ce masa baraji. Daga baya aka kawo 'ya'yan kifi cikin tano, wato duro, a bayan mota aka zuba. Kifi ya hayayyafa, tarwaɗa da karfasa, muna ganin suna tsalle da safe, amma ba wanda ya san yadda za a yi da su. Wasu suka shiga da kwando, wasu da gidan sauro.

Kawu kaɗai ya taɓa zama bakin kogi. Yana saurayi ya yi bida wajen Gaya, ya ga yadda mutanen can ke yi. Bai koya a hannun kowa ba, kallo kawai ya yi, ya riƙe a ransa shekara da shekaru. Da ruwa ya zo ƙofar gidansa sai ya ɗauki gatari ya hau dutse.

Itacen dargaza yake sarowa, bayan girbi, lokacin da itace ya rage ruwa. Ya ce ita ce ke lanƙwasa ta dawo. Yakan ɓare bawon, ya gasa sandar a saman garwashi yana juyawa yana miƙar da ita a gwiwa, ya shafe ta da man shanu, sa'an nan ya rataye ta a zaure da dutse ɗaure a gindi don kada ta karkace. In ka tambaye shi yaushe za ta yi, sai ya lanƙwasa bakinta da yatsa ya saki, ya saurara, ya ce, "Ba ta gama magana ba." Wurin riƙo yakan naɗe shi da robar cikin tayar keke. Zaren kuwa daga tsohuwar tayar mota yake zaro shi, sili-sili, ya murza a cinya. Ƙugiya daga wayar ƙafar keke yake yin ta. Yakan lanƙwasa ta a jikin ƙusa, ya goge bakin da magagari, ya fitar mata da ɗan kunnen da ke hana ta zarewa daga bakin kifi, amma ba ya sa ta wuta da kansa. Sai ya tara ya kai wa maƙerin gari ya ƙona masa, don kada a ce ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba. Abin da ke yawo a saman ruwa ya nuna kifi ya ja, da ɓargon kara ya fara yin sa, daga baya ya koma yanko tsohon silifa. Mata sun sha zuwa neman warin takalminsu a zaurensa. Dalmar da ke nutsar da ƙugiya kuma daga mataccen batir yake ciro ta.

Duk wannan ba wanda ya damu da shi. Abin da ya tayar da hankalin gari shi ne awo.

Kawu ba ya ba mutum sanda sai ya auna shi. Ya ce bakin baraji dutse ne mai gangare. In sanda ta fi ƙarfin mai ita, hannu zai gaji kafin rana ta yi sama. In ta gaza, zare zai riƙa maƙalewa a dutse. Don haka sai ya tsayar da mutum, ya ce ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya ɗauko dogon karan dawa ya kafa a ƙasa gefen ƙafarsa, ya karya daidai kan yatsunsa. Wannan karan shi ne tsawon sandarsa.

To, a garinmu mutum ɗaya ake aunawa da kara, shi ne wanda ya mutu. In an gama yi masa wanka, a ɗauko kara a gwada daga kai zuwa ƙafa, a karya, a ba masu haƙa su tafi da shi maƙabarta. Yaro ma ya san in ya ga mutum na sauri da kara ɗaya a hannu, an yi rasuwa. Shi ya sa da yawa suna son sanda, amma da sun ga Kawu ya nufo su da kara sai su ja da baya. Wani ya ce a auna ƙanensa, ai tsawonsu ɗaya. Wani ya tsaya yana karanta duk addu'ar da ya iya har a gama. Har aka riƙa ce masa Mai Kara, in yara sun ƙi barci a ce za a kira shi.

An faɗa mini, don ba na nan, cewa wata rana Baba ya zo zaure ya ce yana son sanda. Kawu ya ɗauko kara. Baba ya ce, "Mi za ka yi da wanga?"

Kawu ya ce, "In auna ka."

"Na mutu ne?"

"Da ka mutu da ka kwanta shiru an gama tun ɗazu. Ɗaga hannu."

Baba ya fizge karan ya karya a gwiwa ya watsa masa. Ya ce, "Ni za ni auna ka, ba kai za ka auna ni ba. Ka jira." Tsakanin taubasai irin wannan magana wasa ce, amma ranar ba ta tsaya a wasa ba, don akwai baƙi a zauren kuma sun yi dariya. Damina guda ba su gaisa ba. Gonakinsu na maƙwabtaka, kowa yana noma ya ba ɗan'uwansa baya.

Bayan girbi sai ga Kawu ƙofar gidan Baba da sabuwar sanda. Baba ya ce ba ya so, kuma ta yaya aka san tsawonta? Kawu ya ce, "Kullum in ka zo masallaci kana miƙa hannu ka ɗauko mabuɗi bisa kan ƙofa, kana ɗage. Na ga inda yatsunka ka tsayawa. Bango na auna. In akwai mai mutuwa, bangon masallaci ne." Wannan na ji daga bakin su biyun, kuma kowa ya faɗa mini iri ɗaya, sai dai Baba yana ƙarawa da cewa karɓa kawai ya yi don kunya, bai taɓa jefa ta a ruwa ba.

Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa cin kifi ba. Kakanninta sun zauna ƙarƙashin Buzaye, suka ɗauki ƙyamar kifi daga wurinsu, ta taso da ita. Ta ce abin da ba a yanka ba, ba ya da ƙafa, ba ya rufe ido, ba zai shiga tukunyarta ba. Kawu bai yi gardama ba. Ya sayi tukunyarsa, ya kafa murhu bayan rumbu, yana dafa abinsa, mu kuma muna zagayawa can. In ya dawo daga baraji takan ajiye masa toka da ruwa ƙofar ɗaki, sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Wani lokaci ya shinshina hannun ya miƙa mata ya ce, "Duba, saura?" Ita kuwa ta ce, "Saura gemu." Haka suka zauna har tsufa. Zauren da yake aiki, ban taɓa ganin ta tsaya a cikinsa ba, wucewa take yi da mayafi a hanci.

Akwai shekarar da gero bai yi ba, maza suka watse bida tun kafin a gama yankan kara, gari ya zama na mata da tsofaffi. Kawu ba zai iya auna matar wani ba, kuma matan ba su da lokacin jiran dargaza. Sai ya riƙa naɗe zare a sakaina, ya ɗaura ƙugiya da dalma, ya aika gida-gida. Na ga irin waɗannan ƙugiyoyin. Kunnensu ƙarami ne ƙwarai, kusan babu. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Hannun da bai saba ba, shi ƙugiya ka fara kamawa. In kunnen ya yi girma sai an tsaga yatsa. Gara kihi shi kuɓuce." Mahaifiyata tana cikin waɗanda suka riƙa zuwa bakin ruwa da sakaina, lokacin mahaifina yana Abijan. Ta ce mini wata da watanni romon tarwaɗa ne miyarmu. Da ta ji rasuwar Kawu abin da ta fara ambata ke nan, kafin ta yi kuka.

Ni ma ya auna ni. Na riga na yi aure, na zo ganin gida, ya ce in tsaya in ɗaga hannu. Na tsaya na ɗaga. Da na ji ƙarar karyewar karan sai da na ce innalillahi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai tun kana goye kake tsoron abin da bai zo ba. Kara ba ya kiran kowa." Na ce na sani. Na koma Madawa na yi kwana da kwanaki ina jin ciwo a kafaɗar da na ɗaga. Duk zuwan da na yi bayan nan sai ya nuna mini sandata a rataye, ya lanƙwasa bakinta ya saki, ya ce ba ta gama magana ba.

Kafin ta gama, baraji ya gama. Kowace damina kwari na kawo rairayi yana zubawa, ruwa yana ja da baya. Aka yi ta cewa za a zo a yashe. Wata shekara ruwa ya zo da ƙarfi ya fasa gefe ɗaya, abin da ya rage ya bi ta nan ya tafi. Yanzu tumatir da dankali ake shukawa a wurin. Samarin da suka taso ba su taɓa ganin kifi mai rai ba, ba a taɓa auna su ba. Kawu bai daina hawa dutse ba sai da ƙafa ta hana shi. Kowace Juma'a yakan sauke sandunan ya shafa musu mai ya mayar. Iya ta ce man shanun da ya kamata ya shiga tuwo itace ke shanyewa. Shi kuwa ya ce, "Ruwa ya san wurin. In ya dawo kada shi iske mu hannu banza."

Ga yadda abin ya faru ranar rasuwa, kamar yadda babban ɗansa ya ba ni labari. Kawu ya cika bayan sallar asuba. Ana cikin yi masa wanka aka ce a nemo kara. Baba na zaune a tsakar gida, ya ce a kama hannunsa a kai shi, shi zai auna, alkawari ne. Sai Iya ta yi magana daga cikin ɗaki ta ce ba sai an wahala ba, ya riga ya auna kansa. Ta sa aka zaro wani tsohon kara daga rufin ɗakinta, ya yi baƙi da hayaƙi, an naɗe shi da tsumma. Aka miƙa wa samari suka tafi da shi. Baba bai ga karan ba, da ya gani da ya gane. Ɗan kuma ya ce shi hankalinsa na kan likkafani.

Ƙasar maƙabartarmu tsakuwa ce, samarin sun sha wuya, har suna cewa ba su san tsohon yana da tsawo haka ba. Sai da aka sa shi a ciki aka ga fili ya rage wajen ƙafafunsa. Aka fara jera itace, ya ƙare ba a kai ƙarshe ba. Itace a wurinmu ba a samunsa da sauri, ɗanye kuma an hana sara. Rana ta take, gawa na ciki. Wani ya ce akwai sanduna rataye a zaure. Na ce wa ɗan, da kun cike rarar da duwatsu ai da itacen ya isa. Ya ce, "Kai da ba ka nan ka ke da wanga wayo. Mu lokacin ba wanda ya tuna." Gaskiyarsa ne. Da ina nan ma ban san ko bakina zai buɗe ba.

Na shiga gaida Iya a ɗakin takaba ina ta tunanin ko ta sani, in kuma ba ta sani ba ko ya kamata in yi shiru. Ashe mata sun riga sun gaya mata. Tana zaune a tabarma, carbi a hannu. Ta ce, "Ka ji abin da na yi?"

Na ce, "Iya, ba laifinki ba ne."

Ta ce, "Shi yab ba ni karan ga da hannu nai, tun ruwa na nan. Yac ce, wanga nau ne, awona ne, kada ki sa shi wuta. Na ce to, mutumen ga ya shirya, kamar masu sayen likkafani su aje. Na naɗe na soke bisa. Duk ran da yay yi tari sai in dubi karan ga gabana shi faɗi. Ban taɓa gaya ma kowa ba." Ta ja carbi. Ta ce, "Ashe na kihi ne."

Na dubi fuskarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Sandar da aka yi da awona tana cikin waɗanda aka sassare, yanzu tana cikin kabari. Washegari na samu liman bayan sallar azahar na tambaye shi ko akwai laifi a rufe mutum da kayan sana'arsa, ko akwai laifi kabari ya wuce tsawon mai shi, ko kuma akwai wani abu a kan wanda awonsa ya riga shi shiga. Ya saurare ni har na gama. Ya ce itace itace ne. Ya ce kullum muna roƙo Allah ya yalwata wa mamatanmu kabari, ga wanda aka fara yalwata masa tun daga nan. Game da ni kuma ya ce in je in ci abinci. Na yarda da maganarsa, amma kafaɗar nan ta dawo da ciwo.

Kafin sadakar bakwai na bi gidajen da na san ya ba su sanda. Wani ya ce tasa ta daɗe da shiga murhu. Wani ya nuna mini guntu da yake kora jaki da shi, robar ta fita, ba abin da zai nuna ta Kawu ce. Wani ya ce ya ɗaura wa tasa lauje yana kakkaɓo 'ya'yan gawo, ta karye bara. Aka ce akwai wani a Tabotaki da ya taɓa zuwa aka auna shi, na kira wani ɗan'uwanmu da ke can ya bincika, ya ce mutumin ya rasu, 'ya'yansa ba su san zancen ba. Na tambayi mahaifiyata sakainarta, ta ce wa ke ajiye sakaina? Maƙerin da ke ƙona ƙugiyoyin shi ma ya riga Kawu tafiya. Ba wanda ya yi mini wulaƙanci. Kowa sai ya ce Allah sarki, sa'an nan ya tambaye ni ko na ji labarin kabarin.

Ranar da zan koma na je yi wa Baba sallama. Yana zaune gindin bango, sandar da yake dogarawa tana kwance a cinyarsa. Kullum ina ganinsa da ita, ban taɓa dubawa ba. Da na durƙusa sai idona ya faɗa kan wurin riƙon. Robar keke ce, an naɗe ta layi bisa layi, ƙarshen an cusa shi ciki ba ƙulli. Mutum ɗaya ke yin haka.

Na ce, "Baba, wannan sandar fa?"

Ya ce, "Sandata ce. Mi ne?"

"Ta Kawu ce."

"Ta bangon masallaci ce." Ya shafa ta. Ya ce bakin ya karye tun da daɗewa, sai ya rage mata tsawo. Na tambaye shi me ya karya ta, tunda bai taɓa jefa ta a ruwa ba. Ya ce, "Wata tarwaɗa ce mai kai kamar akushi. Kada ka gaya ma kowa." Sai ya tuna wanda yake ɓoye wa ba ya nan.

Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na ce ko zai ba ni ita, in sayo masa wata mai kyau daga Madawa. Ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce, "Wagga ta san hanyar masallaci, ta san inda dutse yake. Sabuwa sai na koya mata, ni kuwa ba ni da lokaci." Na ce haka ne, ya yafe mini. Ya ce, "Shi ya auna ni ban sani ba, ni ko na zo in auna shi an riga ni. Har yanzu shi ad da gaba." Ya goge ido da bakin rawani, ya ce hazon ne ke sa shi ruwa.

Na tashi zan tafi ya kira ni. Ya ce, "Ɗan Madawa. Ran da ka ji na tahi, taka ce, na ba ka. Amma ka yi sauri. Ka san mutanenmu, in itace ya gaza da ita za su cike."

Na ce to.

Yanzu ina Madawa. Na roƙi babban ɗan Kawu in abin ya faru ya ɗauke ta ya ɓoye mini, ya ce in ya tuna. Na san yadda motar Buza ke daɗewa ba ta cika ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara da hantsi sai in saki allura, in duba ko daga gida ne. Ba na so a kira ni, kuma ina tsoron a kira ni ina nesa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa filin da ya rage wajen ƙafafunsa ya zama farkon yalwar da zai samu. Allah ya ba Iya haƙuri. Baba kuma Allah ya ƙara masa kwana, ya bar masa sandarsa a hannu.